Ruwan da Baba Mati Bai Sha Ba

Ku da kuke zuwa yanzu da takardunku a hannu, kuna ganin aikin ruwa bututu ne da kan famfo, a haɗa a murɗa a tafi gida, ku zauna in ba ku labarin abin da na yi shekara talatin da 'yan kai ina yi. Ni ne Lawal. Daga Batsari har Safana ba wanda ya san ni da sunan mahaifina, sai Lawal Famfo. Ban yi karatun da kuka yi ba, amma in na aza kunne a jikin bututu zan gaya muku ko ruwa ne ya ja ƙasa ko fatar cikin famfo ce ta cinye, tun kafin ku gama laluben sifana a jaka.

Aikin farko da nake tunawa a Tsaskiya muka yi shi, ina koyo a hannun Maigida Tanimu, Allah ya jiƙansa. Famfon tuƙa-tuƙa ne ya daina ba da ruwa, mata suna ta buga hannunsa sai ƙara yake yi kamar tsohuwar ƙofa. Maigida ya sa muka zaro sandunan ƙarfen da ke cikin ramin ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai an danne shi da mariƙi kafin a kwance na samansa, domin in ya suɓuce ya faɗa ƙasa, to garin nan ya yi bankwana da famfonsa. Hannuna ya yi kanta, kafaɗuna suka sage, rana ta take. Da muka kai ƙarshe, abin da ya lalace wata 'yar fata ce da ba ta kai tafin hannuna ba. Na ce a raina, ashe don wannan muka wuni.

Da muka mayar da komai, ruwa ya fara fitowa ja-ja-wur. Ni da ɗoki na ɗaga murya zan kira mata su kawo bokitai, sai Maigida ya make mini hannu da sifana. Ya sa na ci gaba da bugawa har ruwan ya washe, sannan ya tara hannu biyu ya sha, kowa yana kallo. Ya ce da ni mai aikin ruwa shi ke fara sha, in akwai cuta ta fara da shi. Na riƙe wannan magana tsawon aikina, kuma na ɗauka ita ke nan duk ilimin da ake bukata wajen mu'amala da mutane.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai mai unguwar da zai tsare ka da gaisuwa har inuwa ta juya, akwai matan da suka fi ka sanin ranar da famfon ya fara tari, akwai makiyayan Babban Duhu da ba su damu da ko su sun sha ba muddin shanu sun ƙoshi. A wurinsu na koyi gina ɗan kwami a ƙasan famfo, ruwan da ya zube ya taru dabbobi su sha maimakon ya zama caɓi. Tun daga lokacin idona ya buɗe a kan ruwan da ake zubarwa. In na ga ruwa yana bin ƙasa a banza, sai in ji kamar hatsi ne ke tsiyaya daga buhu.

Bayan an mayar da ni Batsari, akwai wata bazara da aka aiko daga Yasore cewa famfonsu ya mutu mako uku. Na ɗaura akwatin kayan aiki a bayan babur na tafi. Na isa maƙogwarona a bushe, na nufi famfon kai tsaye, sai wani dattijo dogo mai farin gemu ya tare ni. Shi ne Baba Mati. Ya ce ba zan taɓa ƙarfe ba sai na zauna a zaurensa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya sake komawa kan gida. Daga cikin gida na ji ana kankarar gindin randa da moɗa, wannan ƙarar da duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ma'anarta. Matarsa, Inna Hurera, ta aiko da ruwa a ƙwarya, sanyi ƙalau, bai ma cika ta ba. Na gane shi ke nan abin da ya rage musu, kuma daga nesa aka ɗauko shi a ka.

Na ce a bar wa yara, ni yanzu zan tayar da famfo. Baba Mati ya ɓata fuska.

"Sha, ɗan birni. Mu nan abin da ke randarmu shi muke ba baƙo, ba wani ba."

Na shanye. Daga ranar duk zuwan da zan yi wannan yanki a zaurensa nake sauka, kuma bai taɓa kirana da sunana ba sai ɗan birni, ni da ko Katsina sai in shekara ban leƙa ba.

A tsakanin nan aka tura mu wani kwas na 'yan kwanaki. A can aka nuna mana hotunan wasu manyan birane inda ake tara ruwan kwata na gari gaba ɗaya, a bi da shi ta matatu kala-kala har ya koma ruwan sha. Abokan aikina suka yi ta dariya, wani ya ce gara ya mutu da ƙishirwa. Ni ban yi dariya ba, domin ni ke ƙara sandar ƙarfe a ramukan burtsatse. Ramin da muka bari da sanda takwas, bayan 'yan shekaru sai ya nemi goma, ruwa yana gudunmu yana yin ƙasa. Da na dawo sai na riƙa bin kwatocin garin da ido. Na san ba ni da injin da zai iya da ruwan da ya haɗu da na bandaki da na mahauta, wannan ya fi ƙarfina. Amma akwai ruwan alwala na babban masallaci. Sau biyar a rana ana zubar da shi, bai taɓa komai ba sai hannu da fuska da ƙafa, ya gangara kwata ya lalace. Na yi shekaru da wannan tunani a kaina ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a kira ni.

Sai shekarun wahala suka zo. Ba sai na ba ku labarin ɓarayin daji ba, a cikinsa kuka girma. Abin da zan gaya muku shi ne yadda abin ya shafi sana'ata. Hanyoyin ƙauyuka suka rufe, babur ɗina ya daina wuce bakin gari. Famfunan da na yi rabin rayuwata ina lallaɓawa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ina jin labarinsu a bakin masu gudu kamar ana kawo mini rasuwar dangi. Mutane suka kwararo cikin Batsari da tabarmi da tukwane a ka, aka zuba wasu a wata makarantar firamare da ke kusa da masallaci. Burtsatsen unguwar da aka yi don mutanen unguwa ya koma na ninkinsu. Layin jarkoki ya kai bakin titi, ruwan ya koma zuwa kamar zare, 'yan ga-ruwa suka yi tsadar da ɗan gudun hijira ba ya ko tambaya. A layi kuma 'yan gari ke gaba, baƙi a baya, ba wanda ya kafa wannan doka amma kowa ya san ta.

Bayan makarantar akwai wani kududdufi inda ake haƙar ƙasar bulo. Ruwansa kore ne, awaki suna shiga, duk dattin unguwa can yake gangarawa. Nan matan makarantar suka koma ɗiba.

A cikin ajin da ke ƙarshe na sami Baba Mati. An kore shanunsa, an ƙone rumbunansa, ya fito da Inna Hurera da surukarsa da jikoki. Ya rame, gemun ya yi tsawo, amma da ya gan ni sai ya miƙe ya kakkaɓe tabarma. Muka gaisa gaisuwar nan tasa mai tsawo kamar a zaurensa muke. Ya juya zai ce a kawo wa baƙo ruwa, sai ya tuna, ya yi shiru. Ban taɓa jin kunya a rayuwata irin ta wannan shirun ba. Na fito daga ajin na ce ko zan mutu sai tsohon nan ya sha ruwa mai kyau a garinmu.

Na je wurin Liman na babban masallaci na shimfiɗa masa maganar. Ya saurara, ya ce a shari'a ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba mai tsarki ne, ko da an taɓa yin alwala da shi, sai dai ba a son sake alwala da shi in akwai wani. Shan sa kuwa, in na tabbatar ba cuta, ba laifi. Ya ba ni filin bayan masallaci.

Ga aikin da kuke cewa mai sauƙi. Da farko na fasa magudanar wurin alwala na raba ta da ta bandaki, kwana huɗu ina haƙa ina bin kowane bututu da hannu don kada ɗigo ɗaya ya haɗu. Na gina ɗakuna uku na bulo da siminti, kowanne ƙasa da ɗan'uwansa don ruwa ya gangara da kansa, tunda ba wuta ba mai. A na farko ruwan yana kwanciya, in jefa alam, dauɗa ta zauna ƙasa. Na biyu shi ne zuciyar aikin: manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a kansu, sannan yashin rafi mai zurfin da ya kai mini ƙugu. Yashin nan sai da na tankaɗe shi da rariya na wanke shi sau bakwai, har ruwan wankin ya fito fari. Na uku gawayi ne na itace mai tauri, dakakke, ba gari ba. Daga nan sai tankin roba, inda nake sa sinadarin kulorin da awo, in gwada da 'yar kwalbar da ke canja launi.

Akwai abin da ba za ku gane ba sai kun ɓata aiki sau ɗaya. Sabon yashi ba ya tace komai. Sai ruwa ya yi makonni yana ratsa shi a hankali, wata 'yar fata mai santsi ta fito a samansa kamar gansakuka. Mai gaggawa yana ganinta zai ce datti ne ya kankare, alhali ita ke cinye cutar. Na yi kusan wata ina zubar da ruwan a gindin itatuwa ina jiran yashin ya nuna, mata suna wuce ni da bokitan kududdufi a ka. Kowace rana ji nake kamar in buɗe musu, amma na daure. Na ɗebi ruwan a kwalba na aika da shi inda ake gwaji, aka ce ya fi na burtsatsen unguwar tsafta.

Ranar da sakamakon ya zo na tafi gida da kwalba ɗaya cike, ina taƙama. Mai ɗakina, Sa'a, ta ɗaga ta a hasken rana, ta yarda garau yake. Da na nufi randa da ita sai ta tare ni, ta ce in yi wa Allah kada in zuba mata wankin ƙafar mutanen gari a inda 'ya'yanta ke sha. Na yi dariya na ce mata ba su san kimiyya ba. Unguwarmu tana can ɗaya gefen garin, burtsatsenmu bai ƙafe ba, ban ga dalilin rigima ba. Na shanye kwalbar ni kaɗai na manta da maganar.

Na ja bututu daga bayan masallaci zuwa harabar makarantar, na kafa tankin a kan dakali, na sa kan famfo biyu. Ban kai ko ɗaya bakin titi inda 'yan gari ke ɗiba ba. A lissafina su suna da burtsatse, waɗannan ne ba su da komai.

Ranar buɗewa bayan la'asar mutanen makarantar suka taru. Na yi musu bayani tun daga wurin alwala har tanki, ban ɓoye komai ba, na faɗi abin da Liman ya ce. Sannan na yi abin da Maigida Tanimu ya koya mini, na tara hannu biyu na sha, na ƙara. Suka ce madalla, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Wani dattijo ya yi doguwar addu'a aka shafa. Da aka fara watsewa Baba Mati ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan birni, wanga ruwa, gidanka ma shi kuke sha?"

Na ce ai gidana da nisa, Baba, mu muna da na unguwa. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka. Na hau babur ina jin na gama aikin rayuwata.

Kullum da yamma nakan zo in duba, kullum in tarar da tankin ya kusa ƙarewa. Na riƙa ba abokan aiki labari, waɗanda suka yi dariya a wurin kwas na ce su zo su gani. Har na fara zana yadda za a yi irinsa a Safana da sauran masallatan Juma'a, daga nan wata rana a kai ga kwatocin gari. Duk wanda na tambaya a makarantar yaya ruwa, sai ya ce sai godiya.

Ruwan farko na damina ya sauka, ya wanke garin ya zuba a kududdufi. Ba a yi mako ba amai da gudawa ya ɓulla a makarantar. Ma'aikaciyar lafiyar da aka turo ta tsare ni a bakin tanki tana tambaya me nake ba mutane. Nan take na ɗebi ruwan tankin. Na gwada da kwalbata, lafiya. Na buɗe ɗakin yashi, fatar tana nan ba abin da ya taɓa ta. Na bi bututun taku-taku ko ya fashe a wani wuri, ba ko tsaga. Na sake shan ruwan a gabanta. Ta ce to daga ina cutar take.

Washegari ban jira yamma ba, na zo da hantsi, lokacin da ban saba zuwa ba. Daga bakin ƙofa na tsaya. Mata ne a jere suna shigowa daga bayan makaranta da bokitan ruwan kududdufi, suna tace shi da kallabi a cikin tukwanen sha. A wurin tankina kuwa ana ta ɗiba, amma wanki ake yi da shi, ana ba awaki, wata kuma tana cika bokiti tana watsawa a tsakar harabar kamar mai kwantar da ƙura. Na ce baiwar Allah, me kike yi haka. Ta rufe fuska da mayafi ta shige aji.

Inna Hurera ce ta gaya mini gaskiya, tana zaune a bakin ƙofa tana fifita wa jikarta da ke kwance. Ta ce tun ranar farko ba wanda ya kai ruwan nan bakinsa. Dattawa sun zauna, kuma Baba Mati ne ya ce a riƙa ƙarar da tankin kowace rana kafin in zo, don kada in ga wahalata ta tashi a banza in ji ba daɗi. Ta ce sun ga yadda na yi wata ina wankin yashi, ba za su iya kallon idona su ce ba sa so ba.

Na shiga wurinsa raina a ɓace, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce Baba, ruwan da kuke sha shi ke kashe ku, ga mai kyau a ƙofarku kuna ba awaki. Ya bar ni na gama faɗana. Sannan ya ce in zauna.

"Ɗan birni, ban ce ruwanka na da cuta ba. Na ga ka sha. Amma ka duba, an raba mu da gona, an raba mu da shanu, ɗakin kwana ma na yaran makaranta ne anka ara muna. Yanzu in jikokina sun fita, 'ya'yan garin ga na ce musu masu shan wankin ƙafa, alhali ba su ko sha ba. In sun sha, da wanga suna za su tsufa. Kududdufi ko mi ya ɗauko, na Allah ne, kowa ya san wahala ta sa."

Na ce Liman ya halatta. Ya ce Liman yana sha? Sannan ya ƙara da cewa:

"Da daga randarka ka ɗebo muna, ko laka ce da na sha in gode. Amma ka kawo muna abin da ba ka kai gidanka ba."

Bai faɗe shi da zafi ba, da tausasawa ya faɗa, kamar yana ba ni haƙuri. Nan na tuna ƙwaryar da ba ta cika ba a zauren Yasore. Shekara da shekaru ina shiga gidajen mutanen nan, na san zurfin kowane rami a yankinsu, amma abin da tsohon nan ya gaya mini tun ranar da muka fara haɗuwa ban ji shi ba.

Na tashi da niyyar gyarawa. Na ce in manyan gari suka sha a bainar jama'a, suka kai gidajensu, sunan zai mutu. Na bi su ɗaya-ɗaya, Liman da 'yan kwamitin masallaci da malaman makaranta da abokan aikina. Kowa ya ce shawara ce mai kyau, in sha Allahu ranar Juma'a bayan an sauko. A gida muka yi ta da Sa'a irin wadda ba mu taɓa yi ba, har ta ce in na zuba a randa ita da yara za su koma sha a maƙwabta. Ranar Juma'a na jera kofuna a kan tebur a bakin tanki. Aka sauko daga masallaci, jama'a suka bi ta ɗaya ƙofar. Waɗanda suka biyo ta wurina suka ɗaga mini hannu daga nesa, wani ya ce yana azumin nafila, wani ya ce yanzu ya sha a gida. Mutanen makarantar suna leƙe ta tagogi suna gani. Na tattara kofunana.

Jikar ta warke. Baba Mati ne ya kwanta ranar Asabar. Jikin da ya riga ya ƙare da tafiya da yunwa ba ya jure irin wannan ciwo. Muka kai shi asibiti a bayan babur ɗina, wani yana riƙe da shi ta baya, aka sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda. Ranar Litinin da safe ya cika, aka dawo da shi makarantar don a yi masa sutura.

Sai maganar ruwan wanka ta taso. Burtsatsen unguwar tun jiya bai kawo ba, na kududdufi kuwa ma'aikatan lafiya sun hana a taɓa. Tankina yana tsaye cike har baki, taku goma daga inda gawar take, domin ranar ba wanda ya tuna ya zubar. Liman ya ce a ɗiba a nan, ruwa ne mai tsarki, ya isa. Har an ɗauki bokiti, sai muryar Inna Hurera ta fito daga bayan ƙofar aji. Ba kuka take yi ba.

"Malam, ku yi mini arziki. Ya tahi bai sha ba. Kada ku zuba mai shi yanzu da ba ya iya cewa a'a."

Wanda ya ɗauki bokitin ya ajiye. Aka tsaya ana kallon juna, rana tana ɗagawa, gawa ba ta jira. Na ce a ba ni minti kaɗan. Na ɗaura jarkoki biyu a babur na ratsa garin zuwa gidana. Sa'a ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ita ta riƙe mini mazurari. Na kwashe randar gidana moɗa bayan moɗa, jarka ta farko ta cika, ta biyu ta kai rabi, sai na ji moɗar tana kankarar gindin randa. Na tsaya da ita a hannu na kasa motsi, sai da Sa'a ta karɓa ta ƙarasa.

Da wannan ruwan muka yi wa Baba Mati wanka.

Ba a yi wata ba magana ta bazu a gari cewa tankin Lawal Famfo ne ya kawo cutar, kuma ban tsaya musu da kowa ba. Na je da kaina na toshe bututun, na mayar da magudanar alwala cikin kwata yadda na same ta. Ɗakunan ukun suna nan a bayan masallaci, an cika su da shara, in kun je za ku ga yashin da na wanke sau bakwai kaji suna tona. Ramukan burtsatse kuwa har yanzu ƙara sanda ake yi, kuma na san ranar tana zuwa da garin nan zai nemi ruwan da yake zubarwa, ko yana so ko ba ya so. Wataƙila ku za ku gina matatar, da injuna da ilimin da ban samu ba. Ni dai tawa ta tace ruwa tas, ba a taɓa samun cuta a cikinta ba, kuma mutum ɗaya tak da na gina ta dominsa sai da ya mutu sannan na ba shi ruwan randata.